An Cire Tallafi, An Kawo Tallafi

Wannan karon ba a kan tsadar taki zan yi magana ba, ba kuma a kan kwatar bayan masallaci ba, wadda kowa ya san halin da take ciki. Hausar labarai nake so mu ɗora a kan sikeli, wato Hausar da rediyo da 'yan siyasa ke auno mana safe da yamma, mu kuwa mu karɓa mu juye a buhu ba tare da mun duba gindin mudun ba.

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar Kafanchan ya san akwai mudun saye, akwai na sayarwa, ko da yake sunansu ɗaya. Na sayarwan an ɗan kwankwasa masa gindi ya shige ciki. Ka gan shi cike har da tozo, ka je gida uwargida ta sake aunawa ta ce malam, an yi maka sakiyar da ba ruwa. To kalmomi ma ana kwankwasa musu gindi, kuma babu wadda ta sha guduma a 'yan shekarun nan kamar kalmar tallafi.

Ranar 29 ga Mayu 2023, a wajen rantsar da shi a Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya ce zancen tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Zuwa ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Gidajen rediyo duka suka ce an cire tallafi. Ba a yi wata uku ba sai ga su sun dawo da wani labari: gwamnati za ta raba tallafi. Tsohuwar da ke sauraro a tsakar gida ta ce alhamdu lillahi, ashe sun mayar. Ba laifinta ba ne. Kalma ɗaya aka ba ta sau biyu.

Masu Turanci suna da kalmomi biyu a nan, sabsidi da faliyatib, kuma ba su haɗa ko kaka ba. Na farkon yana cikin kowace lita da ɗan acaɓa ya sha, yana cikin kuɗin motar Kaduna, yana cikin kuɗin niƙa, yana cikin kuɗin dakon doya daga ƙauye. Ko ka sani ko ba ka sani ba kana ci. Na biyun kuwa sai ka san kansila, kansila ya san ka, sannan ka yi layi a rana. Ba ina cewa na farkon ba shi da ɓarayi ba ne. Yana da su, manya ma, waɗanda ke karɓar kuɗin man da ba a shigo da shi ba da masu tsallakar da shi iyaka. Amma dai a kira kowanne da sunansa.

Bari mu yi lissafin 'yan kasuwa. A watan Agusta 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, wani kaso ma a ciki bashi ne da jihar za ta biya. Biliyan 5 a baki tana da nauyi, sai ka cika kumatu kafin ka furta ta. To ƙidayar 2006 ta ce mutanen jihar Kaduna miliyan 6 ne da ɗoriya. Mu yi kamar tun daga lokacin ba a yi suna ko ɗaya ba a jihar nan, alhali ni kaɗai ban san adadin raɗin sunan da na yi ba. Raba biliyan 5 ga mutum miliyan 6, kowa zai tashi da naira 800 da 'yan kai. A farashin wancan lokaci, lita ɗaya da ɗan ƙari ke nan, sau ɗaya tak. A Hausarmu in ka ga tsohuwa za ta faɗi da kaya ka sa hannu ka riƙe, shi ne ka tallafa mata. In ka janye hannun ta faɗi, sannan ka miƙa mata alewa, wannan sai dai a nemo masa wani suna.

Kuma an nemo, gaskiya, domin ba duk masu fassara ne suka yi barci ba. Wani a cikinsu ya ce "rage raɗaɗi". Wanda ya fara faɗin wannan, in na gan shi goro zan ba shi. Kalma ce mai tsoron Allah. Ta yarda akwai ciwo, tunda ba a raɗaɗi sai da ƙuna ko harbin kunama. Ta kuma yarda ba warkarwa za a yi ba, ragewa ce. Mai karaya ne aka ba Panadol, kuma aka gaya masa Panadol ne. Da a ce duk Hausar gwamnati haka take da ban ɓata takardar mujallar nan ba.

Daga nan sai "hauhawar farashi ta ragu". Wannan ta haɗa ni da masu saye fiye da sau goma. Mutum ya zo rumfa ya ce Liman, rediyo ta ce kaya sun sauka, kai ne ba ka ji ba? Malam, ba haka aka ce ba. Tirela ce a hawan Kagoro ta rage gudu. Ba gangarowa take ba, hawa take, a hankali dai. Sannan akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba. A Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100. A Janairu 2025 ta ce 24.48. Wata ɗaya tal. Ba wani abin al'ajabi ne ya faru a kasuwa ba, hukumar ce ta sake tsarin lissafinta, ta sauya shekarar da take gwadawa da ita da irin kayan da take sawa a kwando. Sun faɗa kuwa, ba su ɓoye ba, kuma masana sun ce tsohon tsarin ya tsufa. Amma a yaren kasuwa sunan wannan an canza mudu, kuma duk wanda zai kwatanta awon jiya da na yau ya kamata ya ambaci haka. Masara dai ta sauko da gaske a 2025, wannan kowa ya gani da idonsa. Sai dai je ka tambayi manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha ko shi ma raɗaɗinsa ya ragu.

"Romon dimokuraɗiyya" kuwa tun 1999 muke shan sa, ba sai na daɗe a kai ba. Romo ruwan nama ne. Duk inda ka ga romo to an dafa nama. Ɗan siyasar da ya tsaya a gaban jama'a ya ce ya kawo musu romo, ya amsa da bakinsa cewa tsokar tana wani wuri. Haka "masu ruwa da tsaki", waɗanda kullum ake ganawa da su a otal a Kaduna. Asali ruwa da tsaki abincin 'yan tsaki ne, kuma in aka ce wane ya yi ruwa ya yi tsaki a magana, to ya shige ta dumu-dumu. Yanzu an raba aikin. Su ke da ruwan, na gora mai sanyi a kan tebur. Mu ke da tsakin, wanda ake ja da baki in an ji sakamakon taron.

Sai babbar kalmar wannan kaka, "sauya sheƙa". Hausa ce mai kyau, ba ta da ƙamshin fassara ko kaɗan, kuma hoton yana fita: ga tsuntsu ya bar wannan reshe ya koma wancan. Matsalata da ita ta yi wa masu yin abin kwalliya da yawa. Tsuntsu ba ya barin sheƙa sai 'ya'ya sun yi fiffike, ko maciji ya shiga. Namu tsuntsayen ƙwai suke bari a ciki, wato mu da muka yi layi muka dangwala, sai dai mu ji a rediyo cewa uwar ta tashi.

Dubi jiharmu kaɗai. Malam Nasiru El-Rufa'i ya yi minista a gwamnatin PDP, ya shiga CPC, ya yi gwamna shekara 8 a APC, a watan Maris 2025 ya koma SDP, daga nan kuma sai ga shi a haɗakar ADC. Sanata Shehu Sani ya ci zaɓe a APC a 2015, ya fita zuwa PRP, ya shiga PDP, a 2025 ya dawo APC. Alhaji Atiku Abubakar kuwa sai an samo carbi kafin a ƙirga nasa. Nan gida, yankin da tun 1999 aka san shi da lema, Sanata Sunday Marshall Katung da aka zaɓa a PDP a 2023 ya ɗauki tsintsiya a 2025. Akwai wani bango a hanyar kasuwa da ya sha fenti har ya yi kauri, in ka kankare tsintsiya za ka tarar da lema, in ka kankare lemar Allah kaɗai ya san abin da ke ƙasa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne dalilin, domin iri biyu ne kawai kamar rigar makaranta. Na farko, "bayan tuntuɓar magoya bayana". A layinmu dai har yau ban ga wanda aka tuntuɓa ba, kuma muna da waya. Na biyu, "saboda rikicin da ya raba jam'iyyata". Wannan na biyun ba a banza ake faɗinsa ba. Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi zai bar kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta narke cikin wata. Shi ya sa ba za ka taɓa jin ɗan majalisa ya ce na tafi ne don can ake rabo ba. Dole ya ce gidan ya tsage, ko da shi ne ya shigo da gatarin.

Maƙwabtanmu da ke goyon bayan komawar suna da hujja, kuma na saurare ta. Suna cewa a 2025 aka mayar da babban asibitin Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya, aka kuma samu jami'ar tarayya a Kachia, to me zai hana a matsa kusa da tukunya? Ni ɗan kasuwa ne, na gane wannan magana sarai. In ciniki ya koma bakin tasha, can ake kai tebur. Sai dai a daina jingina abin ga tsuntsu, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Ina ba gidajen rediyo shawara su koma cewa wane ya sauya rumfa. Kowa zai gane, kuma ba wanda zai ji an zage shi, tunda kasuwanci ba haram ba ne.

Kalmar "ƙaddamar" kuma ciwonta irin na tallafi ne, mudu ɗaya awo biyu. In za a fara aiki, an ƙaddamar. In an gama aiki, an ƙaddamar. Mai sauraro ba zai san ko rami aka haƙa ko ƙyalle aka yanke ba. Mu mutanen Kafanchan mun fi kowa sanin wannan, domin garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun 1927 nan ne mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Da yawa daga cikin kakanninmu ƙarar jirgi suka biyo, wani da goro, wani da fata, wani da allo. A watan Maris 2021 marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, aikin kimanin dala biliyan 3, kuma ta tsakiyar garinmu layin ya ratsa. Wani dattijo da ya yi aikin reluwe ya ji "an ƙaddamar" ya ce a wanke masa babbar riga. A 2024 jirgi ya fara tafiya tsakanin Fatakwal da Aba. Namu ɓangaren kuwa awaki ne ke sintiri a kai, kuma su dai ba sa latti. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. A ce an aza tubali in farawa ce, a ce an buɗe in gamawa ce, dattijo ya san ranar da zai sa rigarsa.

Yanzu bari in ɗan rage dariya, domin akwai Hausar labarai da ba ta da daɗin wasa. Ita ce wadda ke biyo bayan kowane hari. Kun san jerin, yara ma sun haddace. Gwamnati ta yi Allah wadai. Ta nuna alhini. Ta sha alwashi. Ta lashi takobi sai ta kamo masu hannu. An shawo kan lamarin. An sa dokar hana fita. An kafa kwamiti. Takubban da aka lasa a kan Kudancin Kaduna, da ana tara su da an buɗe maƙera, kuma abin mamaki har yau ban ji harshen da ya yanke ba. A da in namiji ya lashi takobi, ko dai ya cika ko a kawo gawarsa. Yanzu sakataren watsa labarai ne ke lasa a madadin mai gida, a takarda.

A cikin jerin akwai wadda ba Hausa ba ce sam, "mutum goma sun rasa rayukansu". Wannan daga Turanci aka kwaso ta da ƙafafunta. Mukulli ake rasawa, ko akuya, a yi cigiya a samu. Bahaushe cewa yake mutum ya rasu, in ajali ne ya zo a kan tabarma. In kuwa wani ne ya ɗauki makami, sai a ce an kashe shi. "Sun rasa rayukansu" tana sa ka ji kamar sakacinsu ne, sun ajiye ba su tuna inda suka sa ba. Ƙanwarta ita ce "rikici ya ɓarke", sai ka ce ɗinkin buhu ne ya saki da kansa. Mu da muka ga Maris 1987, muka ga 1999, muka ga Afrilu 2011 lokacin da kasuwar garin nan ta zama toka, muka zauna a ɗaka kwana da kwanaki a 2016 da 2020, mun san ba abin da ke ɓarkewa shi kaɗai. Akwai mai ɗauko fetur, akwai mai ƙyasta ashana, akwai wanda ya saya musu. Shugaba Jonathan ya kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu a kan rikicin 2011, kwamitin ya yi aikinsa ya miƙa rahoto. Wanda rumfarsa ta ƙone ya faɗa mana mutum nawa ya ga an hukunta.

Duk wannan yana tafiya ne a kan wata 'yar ƙaramar kalma mai harafi biyu, "an". An kashe, an ƙona, an sace. Malam An ya fi kowa laifi a ƙasar nan, kuma ba a taɓa kama shi ba. Amma a nan sai na yi wa 'yan jarida adalci. A gari irin namu, wani lokaci "an" rahama ce. In mai karanta labarai ya ambaci ƙabila da ƙarfe shida na safe, kafin takwas wani mai shayi da bai san hawa ba bai san sauka ba zai biya bashin. To ka ga mudu biyu ne, duka na cuta. "An kashe" ya yi ƙanƙanta, ba ya ɗaukar kowa. "Fulani sun kashe", ko "Kiristoci sun ƙona", ko "Hausawa sun tayar", ya yi girma, yana kwashe dubban mutanen da suke barci a gidajensu lokacin da abin ya faru. Mudun gaskiya shi ne sunan mutum da na ubansa, a gaban alƙali. Shi ne kuma wanda aka fi ƙarancinsa a kasuwa.

Tunda maganar ta kawo mu nan, bari mu taɓo kalmar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato baƙi. In rikici ya tashi sai ka ji masu sharhi suna raba mutanen garin nan gida biyu, 'yan ƙasa da baƙi. Wani ma sai ya ɗauko "'yan kama wuri zauna", kalmar da rediyo ke amfani da ita ga Yahudawan da ke gina gidaje a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, ya yafa mana. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya tafi. To wace irin raɓa ce tun 1927 rana ba ta busar da ita ba? Masarautar Jama'a ta kafu tun farkon ƙarni na 19 ƙarƙashin Zazzau, fadar ta dawo Kafanchan a 1933. Yaron da aka haifi kakansa a nan, aka binne kakan a nan, in ka ce ya koma gida, ina zai nufa? Ya je Kano su ce masa ɗan Kafanchan, daga jin Hausarsa. Wannan ba wasa ba ne, domin a kan kalmar nan takardar shaidar asali take, a kanta gurbin makaranta yake, da ɗaukar aikin soja da na 'yan sanda.

Sai dai wanda ke ƙorafi an auna masa da ƙaramin mudu, ya dace a leƙa nasa mudun. Kafin jirgi ya zo akwai mutane a nan, Fantswam, kuma faɗin haka bai rage mana komai ba. Sannan ga sunayen da muke kiran maƙwabta da su. Mutane sun ce sunansu Bajju, mu muna nan a kan Kaje. Sun ce Atyap, mu Katab. Sun ce Ham, mu Jaba. Sun ce Gwong, mu Kagoma. Sun ce Adara, mu Kadara. Sunan wuri dabam, Zangon Katab da ƙaramar hukumar Jaba suna nan a takardun gwamnati, ba mai faɗa da wannan. Amma mutum shi ke da ikon sunansa. Sarakunansu ma da sunayen suke, Agwam Bajju, Agwatyap, Kpop Ham. Wani zai ce ai bakinmu ya saba. To bakin da ya iya cewa dimokuraɗiyya, ya iya cewa inkwankulusib tun zaɓen Kano na 2019, ba zai gaza cewa Bajju ba. Gaɓa biyu ce.

Akwai kuma "ƙabila". Sai ka ji mutum ya ce wane ya auri ƙabila, ko unguwar can ƙabilu ne. Mu kuma fa, daga sama muka faɗo? Hausa ƙabila ce, Fulani ƙabila ce, har Ƙuraishawa ƙabila ce. Ta ukun ita ce mai nauyi, "arne". A nan zan sa rawanin limanci na minti ɗaya. Ko a littattafan fiƙihu da muka karanta a Islamiyya, Kirista yana da sunansa, ma'abucin littafi, hukuncinsa dabam da na mai bautar gunki. Wanda ya kira shi arne bai zage shi kawai ba, ya faɗi jarrabawar aji uku. Suratul Hujurat kuma ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, kowa ya je ya duba aya ta 11. Abin da mutane ke mantawa shi ne a garin nan Hausa ba tamu ba ce mu kaɗai. Da ita Bajju ke ciniki da Ham, da ita ake wa'azi a coci da yawa, Littafi Mai Tsarki ma tun 1932 yake da Hausa. Duk abin da ka faɗa a majalisa, ko ka ɗauka a murya ka tura WhatsApp, matar da kake sayen citta a wurinta ta ji shi, kuma ba ta buƙatar tafinta. A watan Maris 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a garin nan. Mai sa hannu a takarda wakili ne guda, mai magana a bakin shago kuwa dubu ne.

To, na cire rawanin. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma kalmominsa sun fara sauka a tasha kamar sabuwar doya. Za ku ji "maslaha", wato manya sun shiga ɗaki su biyar sun fito da ɗan takara, sauran masu neman kujerar kuma sun janye "don kishin jam'iyya", kowanne da kumburarren aljihu. Kalma ce ta malamai, daga Larabci, ma'anarta abin da zai amfani jama'a, ban san ranar da ta yanki katin jam'iyya ba. Za ku ji "zaɓen fidda gwani", wadda Hausa ce mai daɗi ƙwarai, sai dai gwanin da take fitarwa sau da yawa gwanin ƙirga daliget ne. Za ku ji "tazarce", wadda muka gada tun zamanin Janar Abacha a 1998, har teloli suka sa wa doguwar riga sunan. Rigar dai ta fi maganar daɗewa, har yanzu ana ɗinka ta.

Sannan tallafi zai dawo, karo na uku, da sabuwar ma'ana. Wannan karon a leda zai zo, da hoton mutum yana murmushi a jiki: taliya biyu, sabulu, wani lokaci atamfa ga mata. Ba zan ce ku karɓa ba, ba zan ce ku ƙi ba, kowa ya san tukunyar gidansa. Amma Hajiya, kafin a ɗora ruwa, a juya ledar taliyar a duba kwanan wata, domin wata tun zaɓen 2023 take a sito.